Kurma, Karensa, da Ƙofar da Ake Rufe Musu

A Birtaniya da Amurka da Japan, doka ta ba kurma damar shiga kanti da gidan abinci da otal da asibiti da motar haya tare da karen da aka horar domin ya riƙa sanar da shi sautukan da kunnensa ba ya ɗauka. Waɗannan dokoki sun kwana biyu, amma har yau ana tsayar da masu irin waɗannan karnuka a bakin ƙofa a ce musu su koma, ko kuwa direba ya hango kare daga nesa ya taka mota ya wuce. Binciken da ƙungiyar Guide Dogs ta Birtaniya, mai horar da karnukan jagoran makafi, ta gudanar a tsakanin masu karnukan taimako ya nuna cewa kusan uku cikin kowane huɗu sun taɓa fuskantar irin wannan kora. Ra'ayina shi ne hana kurma shiga saboda karensa daidai yake da hana shi kansa shiga, kuma zalunci ne ko da wanda ya aikata bai yi nufin zalunci ba. Ina kuma ganin cewa dokokin da ake da su, duk da alherin da ke cikinsu, sun ɗora wa kurma wani nauyi da bai dace da shi ba, wato nauyin yin muhawara da baki a gaban mai gadi ko direba, alhali magana da sauraro su ne ainihin abin da lalurarsa ta shafa.

Da yawa daga cikinmu mun san kare ne a matsayin mai gadin gida, ko na farauta, ko mai bin garken makiyaya, don haka ya kamata a fayyace aikin da wannan karen yake yi. Ana koya masa ya gane wasu keɓaɓɓun sautuka, kamar ƙararrawar ƙofa, agogon tashi daga barci, kukan jariri, kiran waya, da na'urar da ke ƙara idan ta ji hayaƙi. Da zarar ya ji ɗaya daga cikinsu sai ya zo ya taɓa mai shi da hanci ko da ƙafar gaba, sannan ya ja gaba ya kai shi inda sautin yake fitowa. Idan kuwa sautin na haɗari ne, kamar ƙararrawar gobara, ƙungiyar da ke horar da su a Birtaniya ta koya musu su taɓa mutum sannan su kwanta a ƙasa, domin kai mutum wajen wuta halaka shi ne. Muhimmancin wannan ya fi fitowa da dare, lokacin da kurma ya cire na'urar da ke ƙara masa ji ya ajiye domin ya yi barci, ya zama ba abin da zai tashe shi ko da gidan yana ci da wuta. Akwai kuramen da suka shafe shekaru ba su samun cikakken barci saboda wannan fargaba kaɗai.

An fara horar da irin waɗannan karnuka a Amurka cikin shekarun 1970, kuma a 1977 aka kafa ƙungiyar Dogs for the Deaf a jihar Oregon. A Birtaniya kuwa, a 1982 ne likitan dabbobi Bruce Fogle da Lady Beatrice Wright suka ƙaddamar da Hearing Dogs for Deaf People a wajen bajekolin karnuka na Crufts. Horar da kare guda yana ɗaukar fiye da shekara, yana kuma cin dubban fam masu yawa waɗanda ake tarawa daga gudummawar jama'a. Wani bincike da masana a Jami'ar York suka wallafa a 2021 ya kwatanta waɗanda suka riga suka karɓi kare da waɗanda suke kan layin jira, ya gano cewa masu karen sun fi samun kwanciyar hankali, damuwa da kaɗaici sun ragu musu, kuma sun rage dogaro da wasu.

Tambayar da mai kanti yakan yi ita ce, tun da aikin karen na cikin gida ne, me zai hana a bar shi a gida? Tambaya ce mai ma'ana, kuma ta cancanci amsa. Mai ji yana tafiya a titi yana sane da abin da ke bayansa ba tare da ya waiwaya ba, yana jin keken da ke tahowa, da motar da ke ja da baya, da wanda yake ƙwala masa kira. Kurma ba ya samun ko ɗaya daga cikin waɗannan, amma idan yana tare da karensa, motsin kunnen karen da juyawar kansa sukan nuna masa cewa akwai abin da ke faruwa a wancan ɓangaren. Ƙararrawar gobara kuma tana iya tashi a ofis ko a otal ko a ɗakin canza kaya na kanti kamar yadda take tashi a gida. Bayan haka, tafiya ba ta rabuwa gida-gida. Wanda zai kwana a otal a wani gari yana buƙatar karensa da dare, kuma kafin ya isa otal ɗin sai ya shiga tasi, ya hau jirgin ƙasa, ya tsaya ya ci abinci. Idan aka hana shi a wuri ɗaya daga cikin waɗannan, tafiyar gaba ɗaya ta ɓaci. A ƙasar Hausa ba wanda zai ce wa makaho ya bar ɗan jagoransa a waje sannan ya shigo, domin kowa ya san cewa su biyun tafiyarsu ɗaya ce, kuma da wannan idon ya kamata a dubi kurma da karensa.

A Amurka, dokar kare haƙƙin masu naƙasa ta 1990, wadda aka fi sani da ADA, tare da ƙa'idojin da ma'aikatar shari'a ta sabunta a 2010, ta wajabta wa duk wurin da ke hulɗa da jama'a ya karɓi karen taimako a duk inda aka yarda sauran mutane su shiga, har da gidajen abinci waɗanda dokar tsafta ta hana shigar da dabbobi cikinsu. Ba a yarda a ƙara wa mai karen kuɗi ba, ba a kuma yarda a ware shi a wani lungu ba. Idan ma'aikaci yana shakka, tambaya biyu kawai aka ba shi damar yi: shin wannan karen taimako ne da ake buƙata saboda wata naƙasa, kuma wane aiki aka horar da shi ya yi? Ba shi da ikon neman takarda, ko tambayar irin lalurar da mutum yake da ita, ko cewa karen ya gwada aikinsa a gani. A Birtaniya, Dokar Daidaito ta 2010 ta ambaci karen da aka horar domin taimakon kurma a cikin karnukan taimako, ta kuma mai da ƙin ɗaukar sa a tasi ko motar haya laifi wanda tararsa kan kai fam 1,000, sai dai direban da yake da takardar keɓewa daga hukumar lasisi saboda dalilin rashin lafiya.

A takarda duk wannan ya yi kyau, matsalar tana bakin ƙofa. Makaho idan ya zo da karensa, kowa yana ganin lalurarsa, karen babba ne, yana sanye da ragamar jagora wadda jama'a suka saba gani shekara da shekaru. Kurumta ba ta nuna kanta a jiki. Mutum ne zai shigo da ƙafarsa, idanunsa garau, yana riƙe da igiyar wani ɗan ƙaramin kare mai gashi, domin yawancin karnukan da ake horarwa don kurame ba manya ba ne, sai mai gadi ya ɗauka wani ne ya zo da karen da yake kiwo don sha'awa. Daga nan sai ya yi masa magana daga baya, mutumin bai ji ba ya ci gaba da tafiya, mai gadin ya ɗauki hakan a matsayin raini, ya ɗaga murya, ya sha gabansa. Kafin kurman ya fahimci abin da ake ciki, mutane sun taru suna kallo, kuma wanda yake yi masa faɗa yana magana da sauri cikin fushi, yanayin da karanta motsin leɓe ba ya yiwuwa. Idan kurman yana iya magana da baki, kamar yadda da yawa waɗanda suka kurumce bayan sun girma suke iyawa, sai a ce ƙarya yake yi, ai ga shi yana magana. Idan kuwa da maganar hannu yake bayani, ba wanda zai gane abin da yake cewa. Ko ta wace hanya shi ne a ƙasa, kuma mutane da dama bayan sun sha irin wannan tozarci sau biyu ko uku sukan daina zuwa wurin gaba ɗaya, su koma zaman kaɗaicin da aka ba su karen domin ya fitar da su daga ciki.

A nan ne nake ganin gazawar tsarin Amurka na tambaya biyu. An tsara shi da kyakkyawar niyya, domin kada a tilasta wa mai naƙasa yawo da takardun asibiti yana nuna wa duk wanda ya tare shi, kuma domin a kare waɗanda suka horar da karnukansu da kansu saboda ba su da halin jiran shekaru a layin wata ƙungiya. Waɗannan dalilai ne masu ƙarfi. Sai dai tsarin ya ɗauka cewa za a yi tambaya a ji, a ba da amsa a fahimta, wanda shi ne abin da ba ya faruwa tsakanin kurma da ma'aikacin da bai taɓa hulɗa da kurma ba. Japan ta bi wata hanya dabam a dokarta ta 2002, wadda ta haɗa karnukan makafi da na kurame da na masu lalurar motsi: sai hukumar da gwamnati ta amince da ita ta tantance kare, a ba shi shaida, ya riƙa sanya alama a jikinsa. Wannan ya rage gardama, amma ya ƙuntata hanya, domin karnukan kurame da aka tantance a ƙasar baki ɗaya ba su kai ɗari ba. Birtaniya tana tsakiya: karnukan Hearing Dogs suna sanya riga mai launin ja mai duhu, masu su kuma sukan riƙe wani ɗan littafin shaida mai ruwan ɗorawa, amma doka ba ta wajabta ko ɗaya ba.

Abin da na fi karkata gare shi shi ne a samar da shaida guda wadda gwamnati ta amince da ita, kyauta, mai sauƙin samu har ga wanda ya horar da karensa da kansa idan karen ya ci jarrabawar ɗabi'a a cikin jama'a, kuma a rubuta a doka cewa duk wanda ya nuna ta an gama magana, ba sauran tambaya. Kada a wajabta ta, domin wanda ya manta da ita a gida bai rasa haƙƙinsa ba. Amfaninta shi ne ta ba kurma abin da zai ɗaga ya nuna ba tare da ya furta kalma ko ya karanta leɓen kowa ba. Haka kuma nauyin sani ya koma kan mai wurin. Kamfanin da ya iya koya wa ma'aikatansa yadda ake gane jabun kuɗi zai iya ɗaukar rabin sa'a ya koya musu cewa akwai karnukan kurame, cewa ana fuskantar kurma ne kafin a yi masa magana, kuma cewa takarda da biro ko rubutu a waya sun fi ɗaga murya amfani.

Masu kantuna suna da koke na gaskiya game da mutanen da ke sayen rigar karen taimako a intanet su sanya wa karen da ba a horar ba domin su shiga da shi ko'ina. Irin wannan kare yakan yi haushi, ya ɓata wuri, wani lokaci ma ya far wa karen da ke bakin aikinsa, kuma kowane irin wannan abu yana ƙara wa ma'aikata zargin wanda zai zo a gaba. Jihohi da dama a Amurka sun mai da wannan yaudara laifi, a California hukuncin yakan kai ɗaurin wata shida ko tarar dala 1,000, kuma tun daga farkon 2021 ba a tilasta wa jiragen saman ƙasar ɗaukar dabbobin da aka ce na kwantar da hankali ne kawai. Na goyi bayan wannan. Amma dokar ADA ta riga ta ba mai wuri magani, domin yana da ikon fitar da duk karen da ya gagari mai shi ko ya yi ƙazanta, komai rigar da ya sanya. Ɗabi'ar kare ita ce abin dubawa, kuma karen da aka horar yakan kwanta a ƙarƙashin tebur har a gama cin abinci ba a san yana nan ba. Batun masu borin jini da gashin kare da masu tsoronsa shi ma ana warware shi ta hanyar nisanta mazaunin mutanen biyu, kuma akwai wuraren da kowa ya yarda kare ba zai shiga ba, kamar ɗakin tiyata.

Akwai ɓangaren da ya shafe mu kai tsaye, domin 'yan uwanmu da yawa da ke zaune a Landan da Manchester da New York suna tuƙin tasi, suna gadin kantuna, suna aiki a gidajen abinci, kuma wasunsu suna ganin ɗaukar kare a mota ya saɓa wa addininsu. Masu korar karnukan taimako sun fito daga kowane addini da kowace al'umma, kuma ba daidai ba ne yadda wasu jaridu ke ɗora laifin a kan Musulmi kaɗai. Duk da haka ya kamata mu faɗa wa kanmu gaskiya. A mazhabar Imam Malik, wadda akasarin Musulmin ƙasar Hausa suke bi, kare mai rai ba najasa ba ne, jikinsa da yawunsa masu tsarki ne, kuma wanke ƙwaryar da ya yi lallagi a ciki sau bakwai bin umarni ne na ibada. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da dabbar farautar da aka horar ta kamo, hadisi kuma ya keɓe karen farauta da na kiwo da na gona daga hanin ajiye kare, malamai suka yi ƙiyasin sauran buƙatu na gaskiya a kansu. Masu sharhi sun ruwaito cewa Ibn Abi Zaid Alƙairawani, mai Risalar da ake karantawa a zaurukanmu, ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi, da aka tuna masa cewa Malik ya ƙi hakan sai ya amsa da cewa da Malik ya riski zamaninsu da zaki zai ajiye. Idan tsaron gida ya isa dalili, tsaron ran mutumin da ba zai ji ƙararrawar gobara ba ya fi cancanta.

Wanda yake bin mazhabar da ta ɗauki yawun kare najasa, kamar Shafi'iyya da Hambaliyya, shi ma yana da mafita, domin najasa ana wanke ta, kuma karen taimako a ƙasan mota yake kwanciya wajen ƙafafun mai shi, ana iya shimfiɗa masa wani ƙyalle da aka tanada domin haka. Direban da ya karɓi lasisi ya karɓe shi ne bisa sharuɗɗan da ya sani, kuma ayar farko ta Suratul Ma'ida umarni ce da cika alkawura. Barin kurma tsaye a titi da dare, wanda ba zai iya ɗaga waya ya kira wata motar da baki ba, cutarwa ce tabbatacciya, ba kuwa na ga yadda za a fifita guje wa abin da ruwa ke gusarwa a kanta. A 2008 majalisar shari'ar Musulunci ta Birtaniya ta ba da fatawar da ta ba wani matashi makaho damar zuwa masallaci a Leicester da karensa, aka gina wa karen wurin hutawa a kusa da mashiga, shi kuma ya shiga ya bi jam'i. Ba a shigar da karen cikin sahu ba, ba a kuma mayar da matashin gida ba.

Hukunci shi ma yana buƙatar gyara. A Birtaniya, idan direban tasi ya ƙi ɗaukar kare, hukumar lasisi ce ke gurfanar da shi, amma idan kanti ko gidan abinci ne ya kori mutum, shi wanda aka kora ne zai shigar da ƙara a kotun farar hula cikin wata shida, da kuɗinsa da lokacinsa. Ga kurma wannan yana nufin neman lauya, neman tafintan maganar hannu, da jure wata doguwar hulɗa da ofisoshin da yawancinsu ta waya suke aiki. Kaɗan ne suke iya bin wannan hanya, shi ya sa masu kantuna da yawa ba su taɓa ganin sakamakon abin da suka yi ba. Ya kamata hukumomin da ke ba kantuna da gidajen abinci izinin aiki su riƙa karɓar irin wannan ƙorafi a rubuce, su bincika, su ci tara da kansu, kamar yadda suke yi idan aka kama gidan abinci da ƙazanta.

Ba kowane kurma ne yake son kare ba, kuma da yawa daga cikin waɗanda aka haifa da kurumta suna ganin tafinta da makaranta da girmama harshensu sun fi musu komai. A Najeriya da Nijar wannan shi ne abin da ya fi gaggawa, ga kuma ciwon haukan kare wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya, abin da ya sa tsoron kare a wajenmu yake da tushe. Amma Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa a 2008, Najeriya ta bi sahu a 2010, ta kuma sa hannu a dokarta ta hana nuna musu wariya a watan Janairun 2019. Filayen jirgin sama da manyan otal na Abuja da Kano da Yamai suna karɓar baƙi daga ƙasashen da waɗannan karnuka suka zama ruwan dare, cikinsu har da 'ya'yanmu da aka haifa a can. Hukumar kula da masu naƙasa ta Najeriya da aka kafa a 2020 ita ce ta dace ta zauna da ƙungiyoyin kurame da likitocin dabbobi da malaman addini, a rubuta ƙa'idar da za ta fayyace irin karen da za a karɓa, da shaidar rigakafin da zai zo da ita, da wuraren da zai shiga, sannan a rarraba ta ga ma'aikatan filayen jirgi da otal da asibitoci cikin Hausa da sauran harsunan da suke aiki da su.